Yadda Na'Allah Ya Sallama Ragona Sau Uku

Na rasa rago. Balami ne, fari ƙal, wata tara ina ba shi dussa da harawa da ruwan tsari, har ya kai in ya kwanta a zaure sai mutum ya raɓa bango kafin ya wuce. Na samu suna wanda ban nema ba, har direbobin taksin Maraɗi kan leƙo da kai su gaishe ni. Na kuma samu ƙanin miji wanda yanzu tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi.

Ni ce Husaina, matar marigayi Malam Rabo, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Gazawa. Ban yi lakol ba, ko harafin boko ban sani ba, amma shekara ashirin da shida ina ciniki, kuma ba a haifi wanda zai ce na taɓa sallama masa kaya a tayin farko ba.

Ƙanin marigayi, Na'Allah, ya yi shekara biyu a Yamai. Ya dawo da babbar riga guda, da baƙin tabarau, da baki. Ya ce aikin tele ya yi, wato talabijin. Ni na san aikin. Gadi yake yi a wani gida da ke kallon gidan telen, in ma'aikata sun fito shan iska yana ganin ƙeyarsu.

Wata la'asar ina matsar mai ya shigo ya zauna kan turmina.

"Matar Yaya, zan tashi garin nan daga barci," in ji shi. "A Yamai akwai wani shiri da ake yi in dare ya raba. Mutum ya zauna bayan tebur da kofi a gabansa, ya kira baƙo su yi hira. Amma ba hirar ake jira ba. A cikin shirin akwai ɗan wasa guda da ake maimaitawa kowane mako. Shi ke hana mutane barci."

"Wasa guda, kowane mako?"

"Guda tak."

"Kuma su yi dariya?"

"Har da hawaye."

"To mutanen Yamai ba su da aikin safe ke nan. Tashi mani daga kan turmi."

Bai tashi ba sai da ya ari teburin da nake jera kwalabe. Ya haɗa kai da Muzammil mai gidan kallo, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ke da salula mai ɗaukar hoto da kyau. Muzammil zai ɗauka, a nuna a gidan kallonsa, a kuma tura wa mutane ta waya. Sunan shirin, Teburin Na'Allah.

Da yake salular ba ta gani a duhu, shirin daren nan da hantsi aka ɗauke shi. Na'Allah ya rataya baƙin bargo a bangon gidansa, ya kunna fitila, ya zauna cikin babbar riga rana na dukan ƙeyarsa, ya ce, "Jama'a, barkanmu da dare." Zakaran maƙwabta ya yi cara a kan katanga.

Wai a Yamai akwai mutanen da ake zaunarwa don su yi dariya kawai. Ya tara matan unguwa takwas, ya raba masu goro, ya ce duk lokacin da suka ga ya ɗaga kofi zai sha, su fashe da dariya. Baƙonsa na farko Malam Zaharaddini ne, tsohon tela, ɗan shekara tamanin. Tsoho ya fara ba da labarin shekarar yunwa, ya zo daidai inda ya binne mahaifiyarsa a hanyar Gangara. Na'Allah kuwa zufa ta jiƙa shi cikin riga, ƙishirwa ta kama shi, ya ɗaga kofi.

Mata takwas suka kece da dariya. Wata ma ta rangaɗa guɗa, don a san goronta bai tafi a banza ba.

Malam Zaharaddini ya miƙe, ya ɗaga sanda. Na'Allah ya kauce, teburina ya karɓa.

Mako na biyu ya ce za a fita titi a yi wa mutane tambayoyin ban dariya. Bai samu ya yi tambaya ko ɗaya ba. Duk wanda ya tsayar sai ya fara da gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya jikin tsohuwa, ya aka ji da zafi, shi kuma Muzammil daga bayan salula yana amsawa, "Lafiya lau, Alhaji, ya kasuwa?" Aka yi ta gaisawa har caji ya ƙare. Ranar Na'Allah ya sa Muzammil ya rantse: in an fara ɗauka ba zai ce uffan ba ko gobara ce ta tashi, kuma ba zai tsaya ba sai ya ji an ce masa "yanke". Muzammil mutum ne mai riƙe rantsuwa.

Mako na uku suka zo ƙofata.

"Jama'a," in ji Na'Allah yana kallon salula, "yau zan koya maku yadda ake ciniki a babban birni. Matar Yaya, nawa kwalbar mai?"

"Dala ɗari uku."

"Na saya ɗari biyu."

"Albarka."

Ya kashe wa salula ido. "Ku duba dabara." Ya juya ya kama tafiya, wai in kira shi. Na ci gaba da tsince gyaɗata. Ya kai bakin masallaci yana waiwaye. Ya kai wurin mai faci. Da ya ga zai fita unguwa, ya dawo.

"To kawo a ɗari ukun."

"Ɗari uku da ashirin."

"Kai! Yanzu fa kika ce ɗari uku!"

"Ɗazu ke nan. Wata mata ta zo ta ga kamar kana ciniki ta wuce. Wa zai biya ni ita?"

Ya biya, don salula na kallonsa. Ya miƙa hannu zai ɗauki kwalba, na dafe.

"Mai ka saya. Ka zo da kwalbarka?"

A cikin kofin shirin ya tafi da abin da kofin ya iya ɗauka, sauran ya ce in ajiye masa.

Wannan guntun shi ya bi duniya. Aka tura shi Agye, aka tura Gidan Rumji, har ƙetaren iyaka. In na fita, sai in ji 'yan kabu-kabu a kan baburansu na cewa, "Gwaggo, albarka!" Na'Allah ya ce ai ga wasan da yake nema ya samu, kowane mako zai zo ya karya ni. Ya zo da dabarar yin waya da wani mai man ƙarya da wai ya fi nawa araha, salular ta yi ƙara a kunnensa yana tsakiyar magana. Ya zo ya ce ƙuli-ƙulina da tsakuwa, ya ci guda huɗu yana neman tsakuwar, na sa ya biya huɗun. Mako biyar yana zuwa, mako biyar yana komawa da aljihu mara nauyi.

A gidan kallo kuwa, da zarar ya bayyana bayan tebur ya fara "barkanmu da dare", sai ihu ya tashi: "A wuce! A wuce! A kai mu wurin Gwaggo!" Abin ya ci masa rai. Ya ce wa matarsa Nazira shi ne ya ƙirƙiro ni. Nazira ta zo ta faɗa mani muna dariya.

Saura kwana goma sha biyu Layya na shirya kai ragona kasuwar Gangara. Dillalai biyu sun riga sun biyo ni gida sun taya jika ɗari da sittin, na ce albarka, don na san a kasuwa zai fi haka. Na'Allah ya iso da sassafe.

"Matar Yaya, wannan makon a wajen bisashe za mu ɗauka. Ni zan zama dillalinki. In shiga da shi, in an taya in zo in faɗa maki, ke kuma ki yi albarkar nan taki."

"Kai ka san rago?"

"Ni da na ga ragunan ministoci? Kuma ba ki biyan la'ada."

Nan ya kama ni, ba zan ɓoye ba. La'adar babban rago ba ƙaramin abu ba ce. Da muka isa, na zauna gindin iccen bedi wajen masu fura, na miƙa masa igiya da hannuna. A kasuwar bisashe wanda ke riƙe da igiya shi ke da baki. Na sani sarai, na miƙa.

Abin da ya faru a ciki daga baya na gan shi a salula, sauran kuma Muzammil ya ba ni labari. Ashe sun ƙulla. Wai a Yamai akwai wasan da ake yaudarar mutum ana ɗaukarsa bai sani ba. Za a kawo mai sayen ƙarya ya taya ragon a wulaƙance, Na'Allah ya ce ya sallama, sannan su zo su ɗauki fuskata ina kururuwa, gari ya ga yadda aka karya Gwaggo. Don kada in gane mutumin, Muzammil ya kira wani surukinsa, Hafizu, daga Gidan Rumji. Na'Allah ma bai taɓa ganinsa ba. Alamar da aka ba shi ita ce jar dara da sanda.

A kasuwar Gangara, ranar kasuwa, ana saura kwana goma sha biyu Layya, ka nemi mai jar dara da sanda.

Na'Allah ya ce wa Muzammil ya fara ɗauka. Bai gama gyara tabarau ba sai ga wani ƙaƙƙarfan mutum da jar dara da sanda ya tsaya kan ragon. Ya taɓa gadon baya, ya ɗaga wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora. Na'Allah ya raɗa wa salula, "Ku ga gwani. Kamar gaske."

Gasken ce. Ɗanasabe ne, mahauci daga Agye.

"Nawa?" in ji Ɗanasabe.

"Taya, Alhaji."

Kowa ya san tayin farko na mahauci. Jefawa yake ƙasa don ya ji nauyin dillali. Ya ce, "Jika talatin," yana shirin a zage shi.

Na'Allah ya kama hannunsa ya girgiza. "Na sallama!"

Dillalan da ke kusa suka juyo. Ɗanasabe ya dubi ragon, ya dubi Na'Allah, ya sake duban ragon ko ciwo gare shi. Muzammil kuwa ya ga ba surukinsa ba ne, ga rantsuwa a wuyansa. Ya shiga kaɗa hannu ɗaya sama kamar mai korar ƙudan zuma.

"Muzammil ya ce ba a ji ba," in ji Na'Allah. "Jakin can ya yi kuka. Alhaji, a sake. Ka ɗaga murya."

"In sake me?"

"Tayin."

"Jika talatin."

"Na sallama!"

Muzammil ya fara tsalle yana nuna jar darar yana girgiza kai.

"Hular ta kare masa fuska. Alhaji, tura ta baya kaɗan. Yauwa. Jama'a ku matso ku zama shaidu, a cika hoton. A sake!"

"Ko sau goma ne," in ji Ɗanasabe. "Jika talatin."

"Na sallama, na sallama har ga Allah!"

Ɗanasabe ya zaro kuɗi ya danƙa masa. Na'Allah ya ɗaga su sama yana dariya, wai har da kuɗin gaske aka zo, ya miƙa igiya. Ya ce wa Muzammil, "Biyo ni, yanzu za ka ga wasa."

Ina shan fura suka tsaya a kaina, salula a saitin hancina.

"Matar Yaya, albishirinki! Na sayar. Jika talatin!"

Na ajiye ludayi. "Ina ragon?"

"Ki yi kururuwa mana. Jika talatin fa na ce."

"Na'Allah, ina ragon?"

Ya yi dariya ya juya. "Alhaji, ya isa, dawo da shi!" Babu Alhaji a inda ya bar shi. Can gefen motoci muka hango mutum uku suna cicciɓar ragona za su sa a bayan wata akori-kura. Daidai nan wani kabu-kabu ya tsaya, wani siriri ya sauko da jar dara sabuwa fil da sanda, ƙura har gira.

"Salamu alaikum. Taksinmu ce ta lalace a hanya. Ni ne Hafizu. Ina ragon da zan taya?"

Ban san Na'Allah na da gudu ba sai ranar. Ya tattare babbar riga ya nufi motar yana ihu, ya taka igiyar wani bijimi, ya faɗi cikin kashin shanu, ya tashi, ya kama ƙafar ragon ta baya. Ɗanasabe ya kama ta gaba. Rago na kuka, kasuwa ta watse ta taru a kansu.

"Wasa ne! Shiri ne na tele!"

"A Gangara?" in ji Ɗanasabe. "Ni ban ga tele ba. Rago na gani."

Aka kai magana gaban sarkin dillalai, Sharifu, dattijo mai farin gemu da ke zaune kan buzu a rumfarsa. Ya saurari kowa. Ya ce ina shaidu. Mutum ya fi ashirin suka ɗaga hannu, waɗanda Na'Allah ya kira da bakinsa su cika hoto. Na'Allah ya ce ƙarya suke, a duba salula za a ga wasa ne. Wani dillali ma ashe ya ɗauka da tasa, ya miƙa. Sharifu ya kalla har ƙarshe, ya ce a mayar masa farko, ya sake kallo.

"Shekara arba'in ina wajen nan," in ji shi, "ban taɓa ganin cinikin da ya ƙullu kamar wannan ba. Sau uku, har da gyara hula." Ya dube ni. "Husaina, ke kika ba shi igiya?"

Da na ce a'a, da wataƙila an tada cinikin. Kasuwa duka ta zuba mani ido. A wannan rumfar, shekara huɗu da suka wuce, na sa aka tilasta wa wani Bafillace ya bar mani tunkiyar da ɗansa ya sallama, yana roƙo ina cewa magana ta riga ta fita.

"Ni na ba shi."

"To kin san hukuncin."

"Na sani. Ciniki ya faɗa. Mahauci, ɗauki ragonka."

Ɗanasabe ya sosa ƙeya. Ya ce ya ji an ce ni gwauruwa ce mai marayu, zai ƙara jika goma saboda Allah. Na ce ya kai masallaci, ni kaya nake sayarwa, ban zo bara ba. Motar ta tashi ina ganin farin bayan ragona har ta sha kwana.

Sharifu ya yi gyaran murya. "Saura ɗaya. Dillalin da ya sallama bai koma ya tambayi mai kaya ba, shi ke cika gibin. Na'Allah, taya."

"In taya me, ranka ya daɗe?"

"Haƙurinta."

Na gyara zama kan tabarmar Sharifu. Na'Allah ya tsaya a tsakiya, kashin shanu na bushewa a rigarsa, tabarau ido ɗaya ya fita.

"Matar Yaya, mu fa gida ɗaya ne. Zan sa sunanki a shirin. Teburin Na'Allah da Husaina."

"Albarka."

"Husaina da Na'Allah, ke a gaba."

"Albarka."

"Na ba ki teburin."

"Teburin wa?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Ya cire rigar ya miƙo, wai shadda ce ta Yamai. Kafin in buɗe baki, mutum ɗari suka amsa mani: "Albarka!" Ya juya zai yi tafiyar nan tasa ta babban birni, ko zan kira shi. Dillalai biyu suka kamo shi suka dawo da shi.

"Ba ni da komai, wallahi! Ku bincike ni!"

Sai muryar Nazira daga bayan taro, ta zo sayen kayan miya: "Yana da tunkiya uda wajen Fulanin bayan gari, cikinta wata huɗu! Ɓoye ta yake kada in ce a sai mani keken ɗinki!"

"Nazira, ke matata ce ko tata?"

Na ce, "Yanzu muka fara ciniki."

Ya ce rabin tunkiya. Na ce wane rabin, na gaba ko mai cikin? Ya ce tunkiyar ban da abin da za ta haifa. Na ce albarka. Ya ce to da abin da za ta haifa, amma in tagwaye ne ɗaya nasa. Na tashi na kaɗe zanena na ce Sharifu ya nuna mani hanyar jandarma. Ban kai taki uku ba ya kira ni. Haka ake tafiyar, in mutum ya iya.

Ya durƙusa. Sai a lokacin ya lura da Muzammil tsaye a gefe, hannu a sama, salula na kallonsa tun safe.

"Kai! Ɗauka kake?"

Muzammil ya gyaɗa kai.

"Yanke! Yanke, don Allah!"

Muzammil ya sauke hannu ya ja dogon numfashi. "Tun ɗazu nake son faɗa maka, ba Hafizu ba ne."

Sharifu ya share hawayen dariya da gefen rawani, ya ce, "Husaina, rana ta yi. Faɗi naki a rufe."

Na faɗa a hankali, yadda shaidu za su riƙe. Jika talatin ɗin mahauci, a hannuna. Tunkiyar uda da duk abin da ke cikinta, ko uku ne. Harawar waken gonarsa ta bana gaba ɗaya, ya kawo ta bisa kansa har rufin ɗakina. In ta haifi namiji, shi zai yi ta ɗebo masa ruwa har ya kai girman wanda ya tafi.

Na'Allah ya ce, cikin ƙaramar murya, ya saya.

Na bar shi a durƙushe sai da na shanye sauran furata. Sannan na ce na sallama.